Wa Zai Amsa Kiran Marken Sama

Al Muntazah, Doha
Watan Agusta

Zuwa ga yayana Dogara,

Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Uwa Maryamu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarmu Filomina da yara. Yaya idon Mama, ana dai ɗiga mata maganin kullum? An ce bana damina ta yi kyau a wajenku. Mu nan kam zafi ne, in ka fito daga ɗaki sai ka ji kamar an buɗe maka tukunya a fuska. Amma ina lafiya, aikin asibiti kuma da godiya, ana ta shara da goge-goge.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tunda ka mayar da kirana abin kallo, waya tana ƙara kana zuba mata ido, na ce to bari in rubuta da hannu, in ɗauki hoto in tura wa Filomina. Ita ba ta iya riƙe magana a ciki ba, ko wanka kake yi za ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta maka.

Ita ce ma ta faɗa mini, kuma kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce a taron kwamitin Tattakin Uwa Maryamu kai ne ka miƙe, kai shugaban hanya guda, ka ce bana a daina hawa Marken Sama, a bi ta ƙasa ta bakin rafi a wuce, a cire garin daga cikin masaukai. Haba Yaya! Da wani aka ce ya faɗi haka, da na ce bai san wurin ba ne. Amma kai? A can fa aka binne cibiyarka.

Ko sai na tuna maka? Tun kafin a haife mu masu tattaki suke tashi daga cocin gari, su yi kwanaki suna hawa da sauka cikin duwatsu har kogon Uwa Maryamu da ke kan Dutsen Kurciya, kuma garinmu ne masaukinsu na ƙarshe kafin kogon. Katikis, malamin coci, ya tsaya a gindin marke ya ɗaga murya ya tambaya ko mutanen Marken Sama suna nan, mu kuma mu amsa muna nan, sannan a shiga ba baƙi ruwa. Ni da kai mun sha jidar ruwan nan daga maɓuɓɓuga har wuyanmu ya ƙage. Kana tuna yadda Baba yake amsawa? Muryarsa kaɗai takan danne ta gari duka, har Mama ta riƙa zungurinsa wai ya rage wa sauran mutane.

Dokar kuma na san ta, ba sai ka aiko mini da ita ba. Garin da aka kira shekara uku a jere ba a amsa ba, an daina kiransa ke nan har abada. Tunda 'yan bindiga suka kashe Baba da sauran, kowa ya watse, bara waccan shiru, bara ma shiru. Bana ce ta uku. Baba Katikis Ambros, tsoho da ciwon gwiwa, wanda ba ma ɗan garinmu ba, shi ne yake roƙon a bari ya hau ya yi kiran ƙarshe, kai kuma ɗan gari kana cewa ɓata lokaci ne. Da na ji, kunya ce ta kama ni a madadinka, na kasa cin abinci ranar.

To ka ji da kyau. Bana za a amsa. Zan zo in bi tattakin nan da ƙafata tun daga ƙofar coci, in mun isa gindin marke aka kira, ni Atine 'yar Marken Sama zan amsa, ko da kuwa gwaggon biri ne kaɗai zai ji ni. Sun ƙona mana ɗakuna, sun kwashe awaki, sun raba mu da Baba. Sunan garin ne kaɗai ba su iya ɗauka ba, shi ne mu za mu miƙa musu da hannunmu? Ba da ni ba.

Na san abin da za ka ce, wai hanya ba lafiya. Ai ban ce lafiya ce ba. Ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba, jiya ma da na tuna kwanar dutsen nan ta bayan makaranta sai da gabana ya faɗi. Amma tsoron na nan, ni ma ina nan, sai mu tafi tare.

Ka gaishe mini da Mama da kyau, kada a faɗa mata tukuna. Ka shafa mini kan yara. Ubangiji ya tsare mu.

Ƙanwarka mai taurin kai, yadda kake faɗa,
Atine


Al Muntazah, Doha
Watan Satumba

Yaya Dogara,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama da Filomina da yara, da fatan zazzaɓin autarku ya sauka. Ni ƙalau nake, sai ciwon cinya, kuma yanzu za ka ji dalilinsa.

Saƙon muryarka ya iso, na gode. Ashe dai wayar tana aiki! Na saurare shi har ƙarshe, har wurin da ka ce Doha ta sa mini girman kai, wai mai kwana cikin sanyin esi ce za ta koya maka dutse. Wannan dariya ya ba ni, don mu shida ne a ɗakin, esin kuma sai ya ga dama. Amma ɗayar maganar ta soke ni, da ka ce ba ni ce na tona wa Baba kabari da hannuna a bayan coci ana jin harbi ba. Gaskiya ne, ba ni ba ce, kai ne. Na yi kuka a kan wannan, kuma ba zan taɓa yi maka gardama a kai ba. Sai dai ubana ne ni ma, kuma garin da yake kwance a ciki ba zai zama wurin da ake wucewa ta ƙasansa ana kawar da kai ba.

Hutu ya samu. Ka san kamfaninmu sau ɗaya yake ba mu hutun zuwa gida a shekara biyu, nawa kuma Kirsimeti ya faɗo. Na je na sami sufabaizarmu, 'yar Filifin ce, tare muke Misa ran Juma'a a cocin Mesaimeer. Da na yi mata bayani sai ta yi alamar gicciye, ta ɗauki maganar ta kai wa kafil, wato mai kamfanin da ya ɗauke mu aiki, da kanta, aka mayar mini da shi Oktoba. Khalas, in ji Larabawa, an gama. Wato bana ba zan ci shinkafar Kirsimeti da ku ba, kuma wannan ya yi mini ciwo saboda Mama. Ka ga dai ba wasa nake yi ba.

Ƙasar nan ba ta da dutse ko na jifan kare, shimfiɗe take kamar faifai. Don haka in na tashi daga aiki sai in bar lif, in bi matakalar bayan asibiti daga ƙasa har sama, in sauko, in sake hawa, da gorar ruwa a jaka ina jan Rosari, carbinmu na Katolika. Mai gadin ƙofar, Malam Ghali, mutumin wajen Katsina ne, shi yake buɗe mini. Ranar farko da ya tambaye ni na ce masa shirin ziyara nake yi. Kai, ashe na jawo wa kaina! Kafin gari ya waye labari ya zaga duk 'yan Arewan da ke wurin, direbobi da masu gadi, wai Atine ta musulunta za ta Madina. Ana ta yi mini barka, wani har da dabino. Sai da na tara su na ce su kwantar da hankali, ziyarar tawa ta Uwa Maryamu ce, a kan dutse, a ƙafa. Aka yi ta dariya, dabinon dai ban mayar ba. Tun ranar Malam Ghali ba ya kirana sai Hajiyar Dutse, in ya ga na tsaya ina haki ya ce yalla Hajiya, saura kaɗan.

Shekaranjiya ya tsayar da ni ya ba ni safa mai kauri irin tasu ta masu tsayuwa, ya ce in bi takalmin da ƙafata ta saba da shi, kada in yi gigin sayen sabo. Daga nan ya ce mini su ma ƙauyensu ba kowa yanzu, rabonsa da gonar ubansa har ya daina lissafi. Ya ce in na je in amsa da ƙarfi. Sannan ya koma kujerarsa.

Filomina ta ce kwamiti ya yarda Baba Katikis ya hau ya yi kiransa na ƙarshe, wanda ya ga zai iya ya bi shi, sauran su jira a ƙasa. Ta ce kai kuma ka yi fushi ka ajiye sandar shugaban hanya, ka ce bana ko ƙofar coci ba za ka raka su ba, kuma in na zo kada in sauka a gidanka. To, sandar taka ce. Gidan kuwa Mama tana ciki, saboda haka a share mini ɗakin baya.

A gaishe da kowa da kowa. Allah ya huci zuciyarka.

Taka,
Atine


Rafin Gora
Ranar tattaki ta biyu, da yamma

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan ka isa Jos lafiya, kuma aikin gaggawan nan da ya taso maka ana gobe zan sauka ya yi sauƙi. Ka ji mini mutum! Mama tana lafiya, na same ta ta rame kaɗan amma bakinta na nan. Ina rubuta wannan a kan gwiwata a barandar makarantar Rafin Gora, zan ba Alidu mai babur da yake kawo mana burodi ya kai gida, in ka gama ɓuya ka tarar da ita.

Bari in fara ba ka abin dariya, don na san kana so. Matakalar Doha ta cuce ni. Ta koya mini hawa, ba ta koya mini gangara a kan tsakuwa mai santsi ba. Jiya kafin mu kai masaukin farko na zauna daɓas har ban san adadi ba, ciyawa ta fi ni tsawo tana yankar hannu, ga ƙaiƙayi. Mama Sisiliya, wadda ta girmi Mama, ta zo ta wuce ni ba takalmi, da ƙullin kayanta a ka, tana waƙa, har ta waiwayo ta tambaye ni ko a ƙasar Larabawa ɗaukar mu ake yi. Na ce mata ta bari in huce tukuna.

Amma Yaya, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Gicciye a gaba, 'yan banga a gefe, matan Zumunta na coci suna buga tulu da kacau-kacau, ana jan Rosari ana haki, rabin layi ya ɗauka rabi ya amsa daga bayan dutse ba ka ma ganin su. Mun ƙetare rafi riƙe da hannun juna, ruwa har ƙugu. Mun ci dafaffiyar gyaɗa da rogo, a masauki aka tare mu da kunun acha. Duk garin da muka isa Baba Katikis ya kira, a amsa, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Ƙafata ta yi bororo ya fashe, na ɗaure da tsumma, ko a jikina.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ɗazu bayan an ci abinci na je na durƙusa na gaishe da Baba Katikis, na ce masa gobe in ya kira ya saurari muryata daga bayansa.  Tsohon ya ce ba zai karɓa ba. Ya ce wanda ya iso tare da baƙi shi ma baƙo ne, ba a amsawa daga bayan mai kira. Mai amsawa daga cikin gari yake fitowa, ya tare su a gindin marke da ruwan garin a hannunsa, ba ruwan leda ba, ba na Rafin Gora ba. Ya ce shi bai ƙirƙiro wannan ba, haka ya tarar, kuma ba zai yi wa Uwa Maryamu wayo ba don yana tausayina.

 Shekara nawa ina ɗaukar ruwan nan a kaina, ban taɓa lura cewa doka ce ba, na ɗauka kirki ne kawai irin na mutanen gari. Kai kuwa ka sani. Shugaban hanya ne kai, ka sani sarai, ka bar ni ina ta cika baki a takarda, ka ce a ranka bari ta sha wahalarta ta hau ta sauko a banza. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, ban taɓa jin haushinka irin na yau ba.

To ba a banza ba. Na ari jarka da ƙwarya a wajen matar mai unguwa. Na roƙi 'yan banga ko mutum ɗaya ya raka ni, suka ce ba za su raba ƙarfinsu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Gobe da zarar ido ya fara ganin hanya zan tashi ni kaɗai, in riga su hawa. Su sai an yi Misa an karya kumallo, ga tafiyar tsofaffi, zan sami lokacin ɗibar ruwa. Hanyar kuwa ba mai nuna mini ita, ta nan muke zuwa niƙa.

Mama Sisiliya ta ce hauka nake yi, ta kuma cire lambar Uwa Maryamu daga wuyanta ta rataya mini. In wani abu ya same ni, kada ka ce wa Mama taurin kai ne ya kai ni. Ka ce mata gida na je.

Ƙanwarka,
Atine


Al Muntazah, Doha
Watan Nuwamba

Yayana Dogara,

Ɗaukaka ga Yesu. Ina gaishe ka da gaisuwa mai kyau, ina gaishe da Mama da Filomina da yara. Na iso lafiya, na koma aiki, faratan ƙafata biyu sun fita amma sababbi suna tsirowa. Wannan takardar ban tura wa Filomina ba. Mijinyawa direban bas ɗinmu zai je hutu, ta garinku zai wuce, na ce ya sa maka ita a hannu.

Ka yi ƙoƙari, Yaya. Hutuna duka ka ƙare shi a Jos, sai da jirgina ya tashi aikin gaggawa ya ƙare. Na san labari ya riga ya iso maka, kowa da irin gishirin da ya sa masa, kuma an ce ka rantse ba ni ba kai saboda na kunyata ka a gaban jama'a. Ka ji nawa tukuna.

Na tashi gari yana fara haske, da jarka a hannu. Raɓa ta jiƙa ni sharkaf kafin in kai rabin hawa. Ban iya jan Rosari ba, bakina ya bushe, sunan Yesu kawai nake maimaitawa. A kwanar dutsen bayan makaranta na ji motsi da gurnani a sama da ni. Wayyo, na faɗa cikin ciyawa na kwanta rub da ciki, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Na daɗe a haka kafin in ɗaga kai. Gwaggon birai ne, garke guda, babbansu yana zaune a kan dutse yana kallona kamar yana bi na bashin gaisuwa. Na tashi na kakkaɓe zanena, na ce masa ya matsa, masu gari sun dawo.

Garin kuwa, ba sai na faɗa maka ba. Ɗakuna ba rufi, ciyawa ta fito ta tagogi, bishiyar kuka ta tsiro a tsakar gidan su Filomina. A ƙofar gidanmu na tsaya, ƙafata ta ƙi shiga. Na yi kuka mai isata, sannan na tuna baƙi suna hanya, na nufi maɓuɓɓuga. Duk tunanina zan tarar ta cushe da laka da ganye, har na tsinci wani fasasshen kwano don yasa.

Yaya, a share take. An yashe ta, an jera duwatsu a bakinta, ruwa garau yana gudu, ga gwangwani an rataye a reshe. Na ce to, 'yan bindigar nan a nan suke zaune, na kawo kaina. Na cika jarka da sauri, na zaga ta bayan coci don in gaida Baba in ɓuya a wurin. Kabarin ba ko ciyawa ɗaya. An sa masa sabon gicciye na itacen marke. Daga gefensa kuma, a 'yar gonar Baba ta gangare, rizga ce kore shar, kunya-kunya, an yi mata noma na biyu.

Na tsaya ina kallon kunyoyin nan. Duk Marken Sama mutum ɗaya ne yake fara huɗa daga hannun dama na gona yana kifa ƙasa ta hagu, don bahago ne, kuma Baba ya yi faɗan duniya ya gaji ya ƙyale shi. Ni na riƙa bin bayan mutumin nan ina jefa iri tun ina 'yar ƙarama. Ko a mafarki aka nuna mini huɗarka zan gane ta.

Ashe kana hawa. Kai kaɗai, ba 'yan banga, ba wanda ya sani, kana ce wa Filomina ka tafi duba aiki. Kai da kake miƙewa a taro kana cewa gari ya mutu. Na zauna a bakin gonar na rasa ko zagin ka zan yi ko tausayinka zan ji. Daga baya na gane. Kanka ka yarda ka kai, amma ba ka yarda ka ja mata da tsofaffi a bayanka su hau inda ka binne mutane ba. Na ɗauka tsoro ne da kai, ashe ba haka ba ne, ka yafe mini. Amma ba ka da gaskiya duk da haka.

Rana ta ɗaga sosai kafin in jiyo tulun matan Zumunta daga ƙasa. Na ɗauka mutum biyar ko shida za su biyo Baba Katikis. Da suka ji mace ta hau ita kaɗai, kunya ta hana sauran zama, kusan kowa ya hau, har Fada mai yi mana Misa. Na tsaya daga cikin gari da ƙwarya cike da ruwa. Tsohon ya iso gindin marke yana dogara sanda, ya huta, ya ɗaga murya ya tambaya ko mutanen Marken Sama suna nan. Na buɗe baki na amsa muna nan, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har dutse ya maimaita. Mata suka ɓarke da guɗa, wasu da kuka. Ya karɓi ƙwaryar ya sha, ya miƙa wa Fada. Na yi ta jida har kowa ya sha.

Abin da na manta shi ne, bayan ruwa yakan tambayi gidajen da suke cikin gari don ya sa musu albarka da suna. Ya dube ni ya tambaya gida nawa ne. Na ce biyu. Ya ce na wa da na wa. Na ce na Atine, da na Dogara. Nan fa aka hau gunaguni, wasu suka yi dariya, suka ɗauka habaici nake yi maka. Tsohon bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko na tabbata, don ba a ƙarya a gindin marke. Na ce na tabbata. Ya ɗaga hannu ya sa wa gidanka albarka da sunanka, jama'a suka ce amin. Dalilina kuwa ban faɗa wa kowa ba, ko shi, ko Mama, ko Filomina, kuma ba zan faɗa ba.

Da yamma muka isa kogon Uwa Maryamu, na kunna kyandir, na yi wa Baba addu'a, na yi maka. Sunan Marken Sama yana nan cikin masaukai, Fada da kansa ya sanar.

Sai dai ka san kiran ba na shekara ɗaya ba ne. Baɗi ba ni da hutu, ko na yi kukan jini kafil ba zai sake ni ba. Baba Katikis zai hau da gwiwarsa in Allah ya kai shi, ya tsaya ya kira, ni ina nan ina goge tayil. In ka ga dama ka je ka ce wa Fada ƙanwarka ƙarya ta yi a gindin marke, a soke albarkar. In ba za ka iya ba, to gidanka yana cikin gari, kuma ka fi ni sanin dokar. In aka yi shiru, ni da kai mun san wanda ya yi shi.

Ka gaishe da Mama, ka ce mata ina nan lafiya. Rizgarka kuma na haƙa na ci ranar, yunwa nake ji, ban nemi izini ba. Ta yi zaƙi, Yaya.

Ƙanwarka, maƙwabciyarka a Marken Sama,
Atine